Yadda Ake Haɗa Gajeren Bidiyo Kan Abin Da Waya Ke Yi Wa Aljihu Da Zamantakewarmu

Wata Laraba bayan la'asar aka kira gwaggona a waya. Namiji ne, murya a natse, Hausarsa tsaf kamar ta ɗan maƙota. Ya gaishe ta da "Hajiya, ina wuni," ya ce daga banki yake, wai BVN ɗinta, wato lambar shaidarta ta banki, ya samu tangarɗa, idan ba a gyara kafin magariba ba za a rufe asusun. Gwaggo uwar adashe ce, zubin mata 12 ke hannunta, don haka jin za a rufe kaɗai ya isa ya tsinka mata zuciya. Ta ɗauko katinta ta karanto masa lambobin gaba da na baya. Saƙo ya shigo, ya ce ta karanto wannan ma. Kafin ta naɗe tabarma kuɗin sun fice.

Da dare na zauna na rubuta dogon gargaɗi a Facebook, abokai suka yi ta jaje. Sai dai duk waɗanda suka karanta mutane ne da dama wannan tarko ba zai kama su ba. Matan da ke zubi a wurin gwaggo ba sa bin dogon rubutu. Abin da suke buɗewa shi ne muryar da aka turo musu da bidiyon da ke sitatus. Dalilin da ya mayar da ni ɗaukar gajerun bidiyo ke nan. Ga hanyar da nake bi, daga zaɓen magana har ranar da bidiyon zai isa wayar da babu data a cikinta.

Mataki na farko: ka ɗauki abu ɗaya

Masu farawa sun fi tuntuɓe a nan. Mutum zai ce zai yi bidiyo kan "illolin fasahar zamani," ya tsaya gaban kamara ya yi ta jawabi, mai kallo kuwa ya ture shi da yatsa ya wuce. Batun ya yi faɗi, babu inda ido zai sauka. Ka rage shi har ya koma mutum ɗaya, abu ɗaya da ya same shi, da naira nawa ta shiga ko ta fita.

Abin ɗauka ba ya ƙarewa, domin mun rayu a cikinsa. Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, kuma wanda ya yi wayo a lokacin ya tuna masu lema da tebur da ake biya a buga waya a wurinsu. Sana'ar ta zo ta wuce a gaban idonmu, yau a ƙarƙashin irin wannan lemar mai POS ne ke zaune. 'Yan kasuwar Ƙofar Wambai da suka ci abinci da kaset da faifan finafinan Hausa sun ga yadda harkar ta koma YouTube da memori. A farkon 2023, bayan da Babban Bankin Najeriya ya sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, kuɗin hannu suka yi wuya, mai kayan miya da mai shayi suka koyi karɓar tiransifa dole, wasu kuma suka yi ta sayen kuɗinsu da kuɗinsu a wurin masu POS. A Satumban 2021 an katse sabis a Zamfara saboda matsalar tsaro, ciniki da aiken kuɗi da jin lafiyar dangi duk suka tsaya cik. Ga tsare-tsaren zuba kuɗi na bogi masu alkawarin riba mai yawa: MMM ta daskarar da kuɗin jama'a a Disamban 2016, CBEX ta rushe a Afrilun 2025, dukkansu kuwa ta waya suka shiga gidaje. Ga manhajojin ba da bashi da ke kwashe lambobin da ke cikin wayar mutum, in ya makara da biya a tura wa surukansa saƙon cin mutunci, har hukumar kare haƙƙin masu sayayya, FCCPC, ta yi musu dirar mikiya a 2022.

Kada ka manta da ɓangaren alheri. Matar da ke sayar da turaren wuta da dambun nama daga cikin ɗakinta ta sitatus, da ɗan Kantin Kwari da ke tura hoton atamfa Maraɗi a biya shi a ɗora kaya a mota, su ma labarin fasaha ne. Wanda kullum tsoratarwa yake yi, jama'a kan gaji da shi, kuma bai faɗi gaskiyar duka ba.

Kafin ka wuce, ka faɗi saƙonka a jimla ɗaya, da baki, kamar kana gaya wa kakarka. Nawa na farko shi ne: banki ba ya kiran mutum ya tambaye shi lambar sirri ko lambar da aka turo masa ta saƙo. In jimlarka ta ƙi tsayawa ɗaya, bidiyo biyu gare ka, sai ka raba su.

Na biyu: ka tabbatar kafin ka buɗe baki

Bidiyo ba ya dawowa. Da zarar ya shiga WhatsApp, ko ka goge naka, na wasu yana nan yana yawo, kuskurenka na tafe da muryarka. Saboda haka duk lamba, duk kwanan wata, duk lambar da za ka ce a danna, ka gwada da hannunka tukuna. In za ka ce a danna *565*0# don ganin BVN, ka danna a layinka ka gani. In za ka ce mai ƙorafi a kan kamfanin waya ya kira 622, layin hukumar sadarwa ta NCC, ka kira ka ji yadda ake amsawa. Ka je banki ka tambayi ma'aikacin da ke teburin sauraron jama'a matakin da mutum zai fara ɗauka idan an kwashe masa kuɗi. Ka zauna da masu gyaran waya, irin na Farm Centre a Kano ko na kasuwar garinku. Su ne ake kawo wa wayar bayan ɓarna ta auku, sun san salon da ake yayi a watan nan.

Alƙaluman da ka tsinta a wani guruf ba tare da sanin tushensu ba, ka bar su a can. Naira dubu tamanin ɗin mutum ɗaya da ka gani da idonka ta fi biliyan ɗin da ba ka san wanda ya ƙirga ba.

Na uku: izini da sutura

Wanda aka damfara yana ɗauke da ciwo biyu, asara da kunya, kuma sau da yawa kunyar ta fi nauyi. Da na je wa gwaggo da maganar bidiyo, sai ta ce, "Ɗan nan, so kake duniya ta san an yi min wayo?" Na ce, "Gwaggo, ba za a ga fuskarki ba, ba za a ji sunanki ba. Hannunki da muryarki kawai nake roƙo, don kada a yi wa wata." Ta yi shiru, can ta ce in dawo jibi. Da na dawo ta amince, bisa sharaɗin ita za ta fara gani kafin kowa.

Wannan sharaɗin nata na mayar da shi doka a aikina. Ka gaya wa mutum inda bidiyon zai je, ka faɗa masa ƙarara cewa ba za ka iya janyo shi ba bayan ya fita, ka ɗauki amincewarsa a murya ka ajiye, sannan ka nuna masa aikin kafin sakinsa. In matar aure ce, a bi ta hannun maigidanta kamar yadda aka saba, amma amincewar da ta fi muhimmanci tata ce. Yara kuwa sai da yardar iyaye, kuma ni ban cika son nuna fuskarsu ba ko an yarda.

Duk abin da ke fuskar waya ka dube shi da idon ɓarawo: lambar asusu, sunan mai asusu, ragowar kuɗi, lambar kati, lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN. Ko na ƙiftawar ido ya bayyana, wani zai tsayar da bidiyon ya kwafa. Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a tun 2023, amma ko babu doka, amana ce aka ba ka. Abin da ya fi sauƙi shi ne ka yi amfani da tsohon katin da ya mutu, ka kuma rubuta saƙon kwaikwayo da kanka. Sannan kada ka kama sunan wani banki ko kamfani ko mutum ka ɗora masa laifin da ba ka da hujjarsa. Salon damfarar kake son a gane, shi za ka nuna.

Na huɗu: rubuta abin da za a gani da abin da za a ji

Nan ne aikin yake, kuma nan na fi daɗewa. Ka samu takarda ka ja layi a tsakiya daga sama zuwa ƙasa. Hagu ka rubuta abin da ido zai gani, dama abin da kunne zai ji. Ka tsaya ƙasa da minti ɗaya domin ya shiga sitatus ba tare da an datse shi biyu ba. Ni maganar da nake rubutawa ba ta wuce kalma 120 zuwa 140. Ka karanta da ƙarfi kana duba agogo, duk kalmar da harshenka ya yi tuntuɓe a kanta ka sauya ta.

Daƙiƙa uku na farko su ne rai. Na san tarbiyyarmu ba ta son a faɗa wa mutane babu sallama, amma in ka ɓata daƙiƙa goma kana gaisuwa da gabatar da kanka, babu wanda zai rage ya amsa. Ka yi sallamar a taƙaice ko ka rubuta ta a sama, ka shiga magana. Ga yadda na tsara na gwaggo.

Farko waya ce a kan tabarma tana ruri, kusa da littafin adashe da biro. Hannu mai lalle ya ɗauka. Murya ta ce, "Hajiya, daga banki ne, za a rufe asusunki yau." Wannan daƙiƙa biyar ke nan, kuma duk wanda aka taɓa yi wa irin kiran ya riga ya tsaya.

Daga nan zuwa daƙiƙa ta ashirin, muryar gwaggo ce da kanta, ana ganin yatsanta yana bin lambobin kati ɗaya bayan ɗaya: "Ya san sunana. Ya ce in yi sauri. Ni kuwa kuɗin mutane ne a ciki." Ban rubuta mata wannan ba. Na bar ta ta yi magana kusan minti goma, na tsinci jimloli ukun nan daga ciki. Maganar da mutum ya faɗa da bakinsa tana da wani nauyi da alƙalami ba ya kawowa.

Sai juyin labari: saƙon fitar kuɗi ya shigo, hannun ya saki wayar, aka yi shiru na daƙiƙa biyu. Kada ka ji tsoron shirun nan, kada ka cike shi da kiɗa.

Daga daƙiƙa ta talatin na fito da fuskata na yi bayanin yadda abin ke aiki, da kalmomin gida: lambobin jikin kati su ne ƙofa, lambar da ke shigowa ta saƙo, wadda ake kira OTP, ita ce mabuɗi, ɓarawon yana da ƙofar a gabansa, mabuɗin yake nema, shi ya sa yake gaggauta ki. Wannan gaɓar ita ce ta bambanta wayar da kai da ba da labarin tausayi. Idan mai kallo ya fahimci dalilin da ya sa ake neman lambar, gobe ko an sauya salo, an ce masa tallafi ne ko kyauta ya ci, zai gane.

Daƙiƙa goman ƙarshe na abu ɗaya ne da mai kallo zai yi: kashe wayar, ka tafi bankinka da ƙafarka ko ka kira lambar da ke bayan katinka. Umarni ɗaya, ba biyar ba. Na faɗe shi, na kuma rubuta shi da manyan baƙaƙe.

Game da harshe, ka yi magana da kalmar da ake faɗa a bakin titi. Mutane "alat" suke cewa, da "sabis," da "tiransifa". In ka tsaya neman tsantsar Hausar da babu mai amfani da ita, ka yi nisa da su. Ka kuma tuna bidiyon zai iya tsallaka iyaka. Mutumin Damagaram ba BVN gare shi ba, ta Nita ko Amana ya saba aiken kuɗi, amma kiran da ke cewa "yi sauri ka karanto lambar" bai san iyaka ba. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Na biyar: ɗauka

Wayar da ke hannunka ta isa. Ka riƙe ta a tsaye, domin haka ake kallo. Ka goge idon kamarar da gefen rigarka, musamman lokacin hunturu da ƙura ke lulluɓe komai. Ka danna alamar jirgin sama don kada kira ya katse maka ɗauka, ka duba caji da sararin memori tun a gida. Haske ya daki fuskar mai magana, kada ya fito ta bayansa. Inuwar zaure da hantsi ko bayan la'asar ta fi tsakar rana kyau nesa ba kusa ba. In ba ka da sandar ɗora waya, jingina ta da tulin littattafai ko bulo.

Sauti ya fi hoto muhimmanci, kuma shi aka fi wasa da shi. Mutum zai haƙura da hoto mai hazo, amma ba zai haƙura da muryar da janareta ya cinye ba. Ka tsaya shiru minti ɗaya a wurin kafin ka fara, ka saurara: injin niƙa, adaidaita sahu, fanka, awaki. Ka kauce wa lokutan kiran salla. Ƙaramin makirfon da ake maƙalawa a wuyan riga yana da araha a kasuwar waya. In babu, na jikin iyafis ya wadatar, ko ka ajiye waya ta biyu kusa da bakin mai magana tana ɗaukar murya, ka tafa hannu sau ɗaya a farko don ka samu inda za ka daidaita su daga baya.

Ka matsa kusa. Yatsa a kan madannin POS, takardar da ke fitowa daga injin, tsofaffin kuɗi a cikin gwangwani, littafin bashi. Kowane ka ɗauke shi na daƙiƙa takwas zuwa goma ba tare da motsa hannu ba, ka tara fiye da yadda kake zaton za ka buƙata. In kasuwa ce, ka fara gaida shugabannin layin ka faɗa musu abin da ya kawo ka.

Na shida: tacewa

Ka samu manhajar tace bidiyo, CapCut ko InShot ko KineMaster, duk wadda wayarka ta iya ɗauka. Ka fara jera murya, sannan ka ɗora hotuna a kanta. Ka yanke duk "to," da "ka gane," da dogon numfashi, sai dai shirun da ka bari da gangan. Ka sa rubutu a ƙasa saboda masu kallo a cikin mota ko wurin aiki da sauti a kashe, da kuma kurame, waɗanda su ma ana damfararsu. Ka rubuta da hannunka ka duba ƙ da ɗ da ɓ, domin wasu salon baƙaƙen ba sa nuna su, sai ka ga akwati a gurbinsu. Idan masu kallonka almajirai ne ko dattawan da suka fi sakewa da ajami, ka rubuta umarnin ƙarshe a allo ko takarda da ajami ka ɗauka.

Ka bar waƙar mutane in ba ka nemi izini ba. Ni yawanci ba na sa kiɗa ma, saboda bidiyon ya shiga zauren Islamiyya da na masallaci ba tare da wani ya ƙyamace shi ba. Ka rubuta sunanka ko na ƙungiyarku da wata da shekara a jikin bidiyon, domin idan ya rabu da shafinka a san mai shi, a kuma san ko bayanin ya tsufa. Wurin fitar da bidiyon daga manhajar, ka zaɓi 720 a ma'aunin kyawun hoto. Ya isa ido, ba ya cin data.

Kafin saki, ka nuna wa mutum biyu da ba su san zancen ba, ɗaya babba ɗaya yaro, ka tambaye su, "Me aka ce ku yi?" In amsarsu ta saɓa da jimlarka ta mataki na farko, ka koma kan aikin.

Na bakwai: kai shi inda mutanen suke

TikTok da Facebook da YouTube suna da amfani, ka sa a can. Amma waɗanda aka fi cuta ba lallai suna can ba. WhatsApp ne babbar hanya: sitatus, zauren dangi, na unguwa, na 'yan kasuwa, na tsofaffin ɗalibai. Manhajar ba ta barin a tura saƙo wa fiye da mutum ko zaure biyar a lokaci guda, wanda kuma aka yi ta turawa sau da yawa sai ɗaya-ɗaya, don haka ka nemi mutum goma masu faɗa a ji a zaurukansu, ka aika wa kowa asalin bidiyon, ka roƙe shi da sunansa. Bayan isha'i, lokacin da aka natsu, ya fi karɓuwa.

Sai waɗanda ba su da data kwata-kwata. Ka kai wa masu tura finafinai da waƙoƙi a memori, ka roƙe su su riƙa haɗawa da shi. Ka tura wa mai cajin waya da mai shayi ta Xender. Ka ba mai POS na unguwa ya riƙa nuna wa masu jiran layi. Gwaggo da kanta ta kunna wa matan adashenta a ranar zubi, wayar na zagayawa daga hannu zuwa hannu, kuma a wurin ne mata biyu suka ce su ma an taɓa kiransu.

Bayan ya fita

Kada yawan masu kallo ya ɗauke maka hankali. Abin lura shi ne tambayoyin da ke dawowa, da wanda ya zo ya ce an kira shi ya kashe wayar. Ka amsa tambayoyin kwanakin farko da kanka. Masu zagin wanda aka cuta, masu cewa ai wauta ce, ka goge maganarsu, domin alkawarin sutura ka ɗauka. In ka gano ka yi kuskure, ka fito da gajeren gyara ka bi da shi ta duk hanyoyin da na farko ya bi.

Bidiyo na gaba yawanci daga cikin tambayoyin nan yake fitowa. Mai POS ɗin bakin layinmu ne ya tare ni ya ce, "Malam, kun nuna yadda ake cutar masu asusu, mu fa da ake yi wa alat na bogi?" Ya ba ni labarin wanda ya nuna masa saƙon shigar kuɗi, ya karɓi tsaba ya hau babur, sai da dare wurin lissafi ya ga babu abin da ya shigo. Jimlar wannan bidiyon ita ce: kada ka miƙa kuɗi ko kaya sai ka buɗe asusunka ka ga kuɗin da idonka. Mun ɗauke shi ranar Asabar da hantsi a ƙarƙashin lemarsa kafin layi ya taru, da wayoyi biyu, ɗaya na nuna saƙon bogin, ɗaya na nuna asusun da bai motsa ba.